Wasiƙa zuwa ga ɗana mai zane

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na karanta sharhin nan biyu da ka turo, sai da ƙanwarka ta ƙara mini girman baƙin a waya. Dogo ya ce zanenka na marinar Ƙofar Mata shi ne gaskiyarka. Na Samaru kuma ya ce hoton sayar wa baƙi ne, ka rabu da marina da rawunansu, ka fuskanci launi zalla. Su biyun sun ci tuwo a gidan nan tun kuna jami'a a Zariya, yanzu kowanne na jira ka fito ka ce shi ne da gaskiya.

Kada ka ce.

Lokacin da nake aikin jarida na karanta labarin wasu masu sharhi biyu a New York ta Amurka, Clement Greenberg da Harold Rosenberg. Greenberg ba ruwansa da komai sai abin da ido ya gani a kan ƙyallen zane. Rosenberg kuwa, a rubutunsa na 1952, ya ɗauki ƙyallen tamkar fagen da mai zane ke shiga ya yi aiki, aikin shi ne abin dubawa. Gabarsu ta raba kan masu zane, ana jingina mai zane Jackson Pollock da Greenberg, Willem de Kooning kuma da Rosenberg. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne na David Smith, mai walda ƙarfe ya fitar da siffa. Ya mutu a haɗarin mota a 1965, Greenberg na cikin waɗanda aka bar wa amanar kayansa. Sai ya sa aka kankare farin fentin da ke jikin wasu ƙarafan, domin shi a ganinsa sun fi kyau tsirara. Sai a 1974 Rosalind Krauss, mai sharhin da ta taso a inuwar Greenberg, ta tona zancen. Ka lura, ba maƙiyi ba ne ya yi wannan. Masoyi ne.

Shi ya sa yabon Dogo ya fi ba ni tsoro a kan sukar ɗan'uwansa. Suka za ka ji zafinta kwana biyu ka warke. Yabo bashi ne, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gobe in hannunka ya gaji da marina, kunyar Dogo za ta hana ka matsawa.

Ka je sunan 'ya'yansu, ka gaida iyayensu. Amma kada ɗayansu ya ƙara ganin zane kafin fentinsa ya bushe. Kuma abin da wannan ya faɗa a kan wancan wajen mai shayi, ya mutu a kunnenka. Na san halinka, ba ka iya riƙe dariya.

Ni dai da na tsaya gaban babban zanen, ba marinan na kalla ba. Hannun tsohon nan na kalla, wanda baba ya rine har guiwar hannu, shuɗin ya shige ƙarƙashin farce. Babu ko ɗaya cikinsu da ya ambace shi. Sun shagala da juna.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce rigar da ka ɓata da fenti har yanzu ta ƙi fita. In za ka zo hutun Sallah ka taho mini da ƙaramin zanen nan na rijiyar rini, akwai ƙusa a bangon zaure.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka