Zuwa ga kamfanin nan mai sama wa mutane aiki a Kaduna: wa kuka ba lambata?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe manaja.

Wallahi ban so abun ya kai ga rubutu a fili ba, amma sau uku ina tasowa daga Tudun Wada zuwa ofishinku, kullum sai a ce oga ya fita in dawo gobe, kuɗin keke kawai nake ƙonawa. Sunanku na sakaya ne saboda ban riga na ji ta bakinku ba.

Bayan na gama bautar ƙasa na zo wajenku na biya dubu biyar kuɗin rajista, aka miƙo min fom. NIN, BVN, lambar akawun, hoto, adireshin gida, sunan garanto biyu da lambobinsu, duk na cike. Har na tambayi sakatariyarku me ya haɗa neman aiki da BVN tunda ba a ɗauke ni ba balle a yi zancen albashi, ta ce haka tsarin yake, ni kuma ga zaman gida ya ishe ni, sai na yi shiru.

To ga inda maganar take. Layin da na rubuta muku sabo ne fil, na saye shi ne don neman aiki kawai, ko abokaina ba su da shi, ku kaɗai na ba. Ba a yi sati biyu ba aka fara, yau tes daga masu ba da bashi ta waya wai na cancanci lamuni, gobe wani a WhatsApp wai an ɗauke ni aiki a Abuja in turo kuɗin gwajin asibiti, jibi wata mata mai zaƙin baki za ta kai ni Saudiyya aikin otal. Kuma kowa da cikakken sunana yake kirana, ya san kwas ɗin da na karanta. Abun da ya fi ɗaure min kai, sakatariyarku ta yi kuskuren harafi ɗaya a sunan mahaifina lokacin da take shigarwa a kwamfuta, yana nan a jikin rasit ɗina, kuma wannan kuskuren dai shi nake gani a saƙonnin nan. Daga ina suka kwafo shi?

Ni da kaina zan iya haƙuri, amma kawuna da na sa a garanto, dattijo ne mai shago a Kasuwar Bacci, shi ma an kira shi ana tambayarsa ko ya san ni, har ya ɗauka bashi na je na ci da sunansa. Kunyar da na ji ranar Allah kaɗai ya sani.

Ko kun sayar ne, ko wani ma'aikacinku ne yake kwasa yana kai wa a ba shi na goro, ko kutse aka yi muku, duk a wuyanku yake don ku na ba amana. Kuma ƙasar nan akwai doka fa. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, ita ce ta kafa NDPC, wato hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, kuma ta ba ni damar in tambayi abun da kuke riƙe da shi a kaina, in san wa kuka ba, in janye amincewata, in ce a goge. In kuwa kutse ne, awa 72 doka ta ba ku ku sanar da hukumar, kun yi? Sannan ina lasisinku na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ni dai ban gan shi a bangon ofishinku ba, sai kalanda da hoton oga.

Aikin ma fa har yau ko intabiyu ɗaya ba ku tura ni ba, dubu biyar ɗin na bar muku. Abun da nake so a rubuce, ku faɗa min duk wanda kuka ba bayanaina, ku goge nawa da na garanto biyun nan, ku ba ni takardar shaida da sa hannu da sitamfi. Na ba ku sati biyu, in shiru ne zan kai ƙorafi NDPC da hotunan saƙonnin gaba ɗaya, na adana su.

Ranar Litinin ƙarfe goma zan sake zuwa da rasit ɗina, don Allah oga ya zauna.

Naku,
Wani mai neman aiki daga Tudun Wada