Dan Allah a daina yi wa gizo-gizon lambu feshin kan mai uwa da wabi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana masu noman rani, da kuma samarin nan da suka fara kafa rumfar leda da raga wato girinhawus suna shuka tumatir da tattasai da kokwamba a ciki. Maganar gizo-gizo ce, na san wani zai yi dariya ya ce ana fama da tsadar taki da fetur ɗin injin ban ruwa wani na ta gizo, to a yi haƙuri a karanta tukuna, maganar kuɗi ce ita ma.

Gizo-gizo ba ya cin ganye, ba ya huda tumatir, ƙwari yake ci. Farin ƙuda da darɓa da ƙananan fara da malam buɗe littafin da ke zuba ƙwan tsutsa, duk abincinsa ne. A 2017 wasu masana biyu a Turai sun ƙiyasta cewa gizagizan duniya na cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da ƙananan halittu duk shekara, kuma ba a biyansu ko sisi. Amma mu da an ga yana a jikin shuka sai a ce lambu ya kamu, a goyo tanki a haɗa magani kala biyu ko uku a bi kowane kwami.

Inda ake ruɗewa shi ne akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ja, dangin kaska ne, shi ma yana saƙa yana amma siririya sosai a bayan ganye, yana tsotse ruwan ganyen sai ka ga ɗigo-ɗigo fari ko ruwan ɗorawa daga baya ganyen ya bushe kamar an babbaka shi. Yana son zafi da bushewa shi ya sa ya fi addabar masu girinhawus wajen watan Maris da Afrilu. Ka sa farar takarda a ƙarƙashin ganye ka karkaɗa, in ka ga jajayen ɗigo suna tafiya to shi ne, wannan kam abokin gaba ne. Abin haushin kuma yawancin maganin da muke saye a kasuwa ba ya yi masa komai sosai, sai dai ya kashe masu cinsa, bayan sati biyu ya dawo ya ninka, mutum ya sake komawa shago.

Ni abin da ya sa na damu da su, ina zuwa lambu da sassafe kafin rana ta ɗaga kuma ina tsayawa in kalla. Akwai babba mai ratsin rawaya da baƙi da ke kafa yanarsa zagaye tsakanin sandunan da muke ɗaure tumatir, ya yi wani farin zane mai lanƙwasa a tsakiya ya zauna kai a ƙasa, ƙafafu bibbiyu a haɗe, ƙwaro na faɗawa zai ruga ya nannaɗe shi cikin ƙiftawar ido ya rataye. Akwai kuma mai launin ƙasa da ba ya saƙa komai, a ƙasa yake farauta cikin ciyawa da bakin kwami, macen tana yawo da farin ƙunshin ƙwanta manne a bayanta, in sun ƙyanƙyashe ƴaƴan duk su haye gadon bayanta ta riƙa yawo da su, wallahi abin sha'awa. Sai ɗan ƙarami mai tsalle mai manyan idanu a gaba, shi har juyowa yake yana kallonka. Ire-iren gizo-gizo sun haura dubu 50 a duniya kuma ƙalilan ne cizonsu ke yi wa mutum illa ta gaske. Hatta ƙurajen nan da ake cewa tautau ne ya bi jikin mutum, sau da yawa wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila, in an murje shi a fata ruwansa ne ke ƙona wurin.

Ba wai ina cewa gizo zai tare mana sharon, wato tsutsar nan mai cinye tumatir, ba. Duk mai tumatir ya tuna 2016 lokacin da ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ita tsutsar cikin ganye da cikin ɗan tumatir take shiga, gizo sai dai ya kama uwar in ta tashi da daddare. Amma ai a shekarar mun yi feshi har mun gaji bai hana ba. A Indunusiya sai da ta kai a 1986 shugaba Suharto ya haramta magani iri 57 a gonakin shinkafa, saboda sun gano feshin yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron da ke ƙona musu shinkafa, ƙwaron kuma yana daɗa yawa. Masu shinkafar Kura da Kadawa da Hadeja ya kamata su ji wannan labari.

Roƙona ga malaman gona da masu shirin noma a rediyo, su riƙa nuna wa mutane bambancin yanar gizo da ta jan ƙwaron nan ko da a hoton waya ne. Mu kuma mu duba bayan ganye kafin mu haɗa magani, in wuri ɗaya ne ya kamu a fesa nan kawai, a gwada ruwan darbejiya, a bar ɗan ciyawa ko tattaka a gefen lambu inda za su ɓuya. Masu girinhawus kuma ku ja wa yaranku kunne su daina bin kusurwa da tsintsiya suna share yana don wai wurin ya yi kyau in baƙi sun zo ɗaukar hoto.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai lambu daga Kano