A Hukunta Ɗalibi Mai Laifi, Amma a Saurare Shi Tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan yadda kwamitocin ladabtarwa ke yanke wa ɗalibai hukunci a kwalejojinmu.

Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare kafin in yi ritaya, kuma na sha kama yara da satar amsa. Ban taɓa goyon bayanta ba. Wanda ke karatun NCE malamin gobe ne, idan ya fito da takardar sata to 'ya'yanmu zai cuta. Tun 1999 ma akwai dokar ƙasa da ta mai da magudin jarrabawa laifi. Don haka kada a ɗauka sassauci na zo nema.

Ɗan ƙanena, maraya ne da nake riƙo, yana aji biyu a wata kwalejin ilimi. Ana cikin jarrabawa mai sa ido ya tsinci wata 'yar takarda a naɗe ƙarƙashin bencin da suke zaune su uku. Shi aka tayar, aka ba shi fom ya cika, ya rubuta cewa ba tasa ba ce. Daga nan shiru har mako uku. Wata ranar Talata da yamma abokinsa ya kira shi ya ce ya ga sunansa a allon sanarwa, gobe da ƙarfe 10 zai gurfana gaban kwamiti. Ba wasiƙa, ba bayanin abin da ake tuhumarsa da shi. Ya wuni a baranda tare da wasu ɗaliban, ba a kira shi ba sai bayan la'asar, kuma bai yi minti biyar a ciki ba. Ya roƙi a nuna masa takardar a gwada da rubutun hannunsa, aka ce ba shi zai koya musu aiki ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne malamin da ya kama shi yana zaune cikin masu yanke hukuncin. Aka dakatar da shi zango biyu.

Ni ban kasance a ɗakin jarrabawar ba, ba zan dafa Alƙur'ani in ce yaron bai yi ba. Abin da na sani shi ne ba a bincika ba.

Da na je kwalejin na nemi ɗan littafin dokokin ɗalibai, wanda kuɗinsa ke cikin abin da muka biya lokacin rajista amma ba a taɓa ba shi ba. Wani akawu mai kirki, Allah ya saka masa, ya ciro nasa daga durowa ya buɗe mini shafin. Ashe akwai damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 14. Takardar dakatarwar ba ta ambaci haka ba, kuma ranar da na gani wa'adin ya riga ya wuce.

Malam Edita, wannan ba sabuwar magana ba ce a ƙasar nan. A 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka kori ɗalibai da dama, suka kai ƙara. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Garba da Jami'ar Maiduguri. Cikin dalilan akwai cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda ya jagoranci kwamitin bincike, shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna, kuma laifuffuka irin su ƙone-ƙone da wawashe dukiya kotu ce ke da hurumin shari'arsu. Laifin da aka zargi waɗancan ɗalibai ya fi na 'yar takarda a ƙarƙashin benci nesa ba kusa ba, duk da haka kotu ta ce sai an saurare su yadda ya kamata. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ma ya tanadi wannan haƙƙi. Mu kuwa tun muna makarantar allo muke jin cewa hujja tana kan mai ƙara, kuma Manzon Allah (SAW) da zai tura Sayyidina Ali Yaman ya hore shi kada ya yi hukunci sai ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Ta yaya mai ƙara zai zama shi ne alƙali?

Kuma yaran da wannan ke faɗa wa yawancinsu 'ya'yan talakawa ne. Mai hali zai ɗauki lauya ko ya buga waya a gyara. Ɗan manomi kuwa sai dai ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙauye, ya kasa gaya wa mahaifiyarsa gaskiyar abin da ya dawo da shi.

Ina kira ga hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, da NBTE da ke Kaduna mai kula da kwalejojin fasaha, su tilasta wa kowace kwaleji ta danƙa wa ɗalibi littafin dokoki ranar da ya yi rajista. Wanda ake tuhuma a ba shi takarda a hannu aƙalla mako guda kafin zama, a nuna masa hujja, a bar shi ya kawo shaida ko wani babba nasa. Wanda ya kai ƙara ya ba da shaidarsa ya fita waje. Takardar hukunci kuma ta faɗi inda za a ɗaukaka ƙara da ranar da wa'adin zai cika.

Yaron yanzu yana taya wani maƙwabcinmu jiran shago. Da dare ina ganinsa da fitilar waya yana bitar littattafansa, yana ƙirga watannin da suka rage masa.

Naka,
Malamin firamare mai ritaya,
Jihar Kano.