Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Zaɓa Mini Motar Ambaliya

Zuwa ga Manajan Darakta,
Kamfanin dillancin motocin da aka yi amfani da su,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda wasiƙu biyu da na aiko ofishinka ba su samu amsa ba, kuma sau uku ina tasowa daga Kaduna zuwa harabarku ana ce mini ka yi tafiya. Na sakaya sunan kamfaninku a wannan karon, domin ina so in bar muku ƙofar gyara a buɗe, amma na tabbata da zarar ka karanta za ka gane motar da nake magana a kanta, tunda jar Mazda MX-5 guda ɗaya ce tak ta taɓa kwana a filinku.

Ni ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aiki. Ina da tsohuwar Corolla wadda take kai iyali kasuwa da asibiti, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da na zo nema wurinku daban ne. Tun ina ɗalibi a Samaru nake ganin wani Bature malaminmu yana wucewa da yamma a cikin 'yar motarsa ƙirar MG, rufi a naɗe, iska tana kaɗa shi, na kuwa ƙudurta a raina cewa in Allah ya ja kwana sai na mallaki irinta. Da aka biya ni haƙƙina na ritaya, sai na ware wani kaso domin wannan buri, ina sane da cewa wasu za su ce tsoho ya koma yaro. Ban nemi motar da za ta ci rabin dukiyata ba, na nemi ƙaramar mota mai daɗin tuƙi, wadda kuɗinta da kuɗin riƙonta ba za su gagari ɗan fansho ba.

Na shafe watanni ina bincike kafin in zo muku, kuma na zo da sunayen motoci uku a rubuce. Ta farko ita ce Toyota Solara mai rufin yadi, wadda aka daina ƙerawa a 2008. Kujerunta huɗu ne, kuma injinta mai silinda shida, lita 3.3, shi ne dai wanda yake cikin Lexus RX 330 da Sienna da Highlander na wancan zamani, wato duk bakaniken da ke Panteka ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma ba sai an yi oda ba. Aibinta a wurina shi ne nauyi da shan mai, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa yake lissafin lita. Ta biyu ita ce Mercedes SLK, wadda rufinta na ƙarfe yake naɗewa da ƙarfin mai a cikin bututu, abin sha'awa ƙwarai, sai dai ranar da bututun ya fara yoyo aljihu zai ji a jikinsa. Ta uku ita ce Mazda MX-5, wadda Amurkawa suke kira Miata. An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Chicago a 1989, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, babu wata motar gudu mai kujera biyu mai naɗe rufi da aka saya kamarta a duniya. Ba ƙarfin inji ne ya ɗaukaka ta ba, domin samfurin da aka yi daga 2005 zuwa 2015 silinda huɗu ne kawai, lita 2. Sirrinta shi ne rashin nauyi, tan ɗaya da 'yan kai, da kuma cewa tayoyin baya ne suke tura ta, shi ya sa take bin hannun direba a kwana yadda doki mai kyan horo yake bin linzami. Zuciyata ta fi karkata gare ta, amma na faɗa wa ma'aikacinku a fili cewa mai rufin yadi nake so, wanda mutum yake naɗewa da hannu ɗaya yana zaune, saboda abin da ba shi da na'ura ba shi da abin da zai lalace.

A nan ne haƙƙina ya hau kanku. Tallanku ya ce kuna taya mai saye zaɓe, kuna kuma bincikar lafiyar mota kafin a biya. Na biya naira 150,000 domin wannan aiki kaɗai, rasit ɗin yana hannuna, domin ni ba na son cinikin biri a sama. Ma'aikacin da kuka haɗa ni da shi ya saurare ni da ladabi, yana ta “Baba” da “Alhaji”, sannan ya kushe Solara da cewa motar mata ce, ya ce rufin yadi ba zai jure ranar Maris da ƙurar hunturu ba, ya ja ni zuwa ga wata MX-5 mai rufin ƙarfe da ke fake a ƙarƙashin rumfa. Ya danna maɓalli, rufin ya naɗe ya shige bayan kujeru cikin daƙiƙa 12, kamar yadda masu ƙera ta suka tsara. Ya ce samfurin 2010 ce, sabuwar shigowa daga Amurka, wata tsohuwa ce ta hau ta, ba ta taɓa haɗari ba, kuma tafiyar mil 68,000 kawai ta yi. Kashegari aka miƙo mini rahoton bincike mai shafi huɗu da hatiminku, an yi alamar lafiya a kowane layi, har da layin da ya ce babu alamar shigar ruwa. Na lura da ƙamshin turaren mota da ya cika cikinta har yana hawa kai, na tambaya, aka ce al'adarku ce ga kowace mota. Na biya naira miliyan 9 da dubu 500.

Zan yi muku adalci, makonni biyar na farko na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Bayan la'asar nakan naɗe rufin in bi ta gadar Kawo in miƙa hanyar Zariya, giyar hannu tana shiga kamar an shafa mata man shanu, jikana yana gefe yana ihu. Motar ba ta yi mini ƙarya ba game da abin da aka ƙera ta domin shi.

Ranar wata Juma'a a cikin watan Agusta, ina dawowa ta titin Ali Akilu tare da uwargidana, sai hadari ya taso daga gabas. Na tsaya a gefen hanya na danna maɓallin rufi. Ya taso har rabi, ya yi wata ƙara, ya tsaya cak a sama kamar bakin kada, bai ci gaba ba, bai koma ba. Fitilun gaban sitiyari suka kama gaba ɗaya, gilasan ƙofa suka ƙi motsi, sannan ruwa ya kece. Mace mai shekara kusan sittin ta zauna a cikin mota ruwa yana dukanta, mayafinta ya manne mata a jiki, masu Keke Napep suna rage gudu suna kallonmu, wani yaro har ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Sai da wasu masu faci suka kawo buhun leda muka lulluɓe kujerun, aka turo motar zuwa ƙarƙashin rumfar wani gidan mai. Har yau Hajiya ba ta ce mini komai ba a kan wannan rana, kuma shirun nata ya fi mini ciwo a kan faɗa.

Na ɗauka ruwan ranar ne ya yi ɓarnar, sai mai wayarin ɗin da na kai wa motar ya nuna mini akasin haka. Ya kwance kujerar direba, ya ɗaga kafet, ya cusa hannu a ƙarƙashin soson da ke shimfiɗe, ya fito da busasshiyar laka mai launin toka gauraye da yashi, wadda ta daskare ta yi ɓawo. Ya ce ruwan jiya ba ya yin ɓawo. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga wani layin datti a kwance a jikinsa, shaidar inda ruwa ya tsaya. Ya nuna mini tsatsa a kan dogon ƙarfen da kujera take gudu a kai, ya zare mahaɗan wayoyi guda uku, kowanne bakinsa ya yi kore. Ya ce wannan aikin ruwan gishiri ne, yana cin waya a hankali daga ciki, kuma yau rufi ne ya tsaya, gobe yana iya zama na'urar birki ko jakar iskar da ke kare direba. Ina kallon hannunsa da lakar nan sai na tuna da hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan tambaya, ita ce tambayata gare ku.

Daga nan ɗana ya karanta lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba, mai harufa da lambobi 17. Gurbi na goma shi ne yake nuna shekarar samfuri, kuma da motar ta 2010 ce da harafin A zai kasance a wurin. Abin da ke wurin shi ne 7, wato 2007. Fuskar da ta ruɗe ni, mai faffaɗan baki irin wanda aka fara yi wa samfurin 2009, ashe ɗaura mata aka yi, domin ramukan tsofaffin kusoshi suna nan a bayan bambar. Muka biya kuɗi kaɗan ta intanet aka fito mana da tarihin motar. An yi gwanjonta a jihar Florida a ƙarshen 2022, bayan guguwar Ian da ta afka wa gaɓar jihar a watan Satumbar shekarar, kamfanin inshora ya rubuta ta a matsayin wadda ambaliya ta lalata, kuma a ranar gwanjon tafiyarta ta haura mil 130,000. Akwai hotunanta, taɓo har kan sitiyari. Wannan bincike bai ɗauki ɗana minti goma ba, a wayar hannu. To wane bincike ne ku kuka yi da naira 150,000? Ko dai ba ku duba ba kuka buga hatimi, ko kun duba kun gani kuka ɓoye, kuma ban san wanne ya fi muni ga kamfanin da yake sayar da shawara ba.

Da na kawo wannan magana, wani jami'inku ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit cewa motar da ta fita ba ta dawowa, ya ƙara da cewa ai kowa ya san tsohuwar mota sai da haƙuri. Na yarda da rabin maganarsa. Wanda ya sayi motar da ta haura shekara goma sha biyar ya san zai sauya kuloci da robobin ƙafa, ya san motar nan ƙasa-ƙasa take, dole ya riƙa lallaɓa ta a kan kowane tudun rage gudu, ya kuma san kayanta ba su cika kasuwa kamar na Toyota ba. Duk wannan na ɗauka da idona a buɗe, kuma ba na ɗora wa masu ƙera motar laifin komai. Na kuma amsa nawa kuskuren, da na tafi da bakanikena tun farko maimakon in dogara da takardarku. Amma tsufa daban, aibin da aka rufe da turare daban. A fiƙihunmu wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayar da shi ya karɓi kuɗinsa, kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye game da siffar kaya, ta ba shi damar mayar da abin da ya saɓa wa bayanin da aka yi masa. Layi ɗaya a ƙasan rasit ba ya shafe ko ɗaya daga cikin biyun.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da zan ambata a taƙaice. Har yanzu kwafin takardun kwastan ne a hannuna, ba ku ba ni na asali ba, alhali a watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma duk wanda ya bi manyan hanyoyinmu ya san takardar da jami'ai suke fara tambaya. Haka kuma babu wanda ya gaya mini cewa wannan samfuri ba ya zuwa da tayar safaya, sai da wani jami'in kiyaye haɗurra ya ce in buɗe but na gani.

Abin da nake nema a bayyane yake. Ku aiko a ɗauki motarku, ku mayar mini da naira miliyan 9 da dubu 500 da na biya, tare da kuɗin binciken da ba a yi ba, da naira 210,000 da na kashe wajen janyo ta da duba ta, waɗanda duk ina da rasit ɗinsu. Ba na son musanya da wata mota daga filinku, an riga an yi mini wannan tayin ta waya, kuma na ƙi. Ina kuma so ku rubuta mini cewa idan motar ta dawo hannunku ba za ku sake fesa mata turare ku sayar wa wani ba tare da kun faɗa masa tarihinta ba, domin na ga wani matashi yana zagaya ta a ranar da na biya, kuma da na yi jinkirin awa ɗaya da shi ne yake rubuta wannan wasiƙa.

Na ba ku kwana 14 daga ranar da aka wallafa wannan. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ku ba, zan miƙa rahoton bincikenku da hotunan gwanjo da bayanin mai wayarin ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, in kuma umarci lauyana ya shigar da ƙara, sannan a wasiƙa ta gaba zan rubuta sunan kamfaninku. Motar tana gidana a ƙarƙashin tampol, rufinta a tsaye rabi yadda ya tsaya a ranar, makullanta biyu suna cikin ambulan tare da takardunta, kuma lambar wayata tana cikin fayil ɗinku.

Wassalam.

Naku,
Abokin cinikinku, ɗan fansho daga Kaduna.