Wasiƙar godiya ga malaman wata cibiyar koyon kwamfuta a Barnawa

Assalamu alaikum, malamanmu.

Mu masu haɗa manhajojin intanet a nan Kaduna mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, saboda yadda kuke koya wa matasa ɗora manhaja a kan sabar haya (kwamfutar da ake haya a intanet don ɗaukar manhaja) ta hanyar rubuta umarni. Abin da ya fi burge mu shi ne kowane mataki sai kun faɗi dalilinsa.

Ɗalibinku na samun sabuwar saba mai tsarin aiki na Ubuntu 24.04 zai ƙirƙiri makullin shiga saba da umarnin ssh-keygen, ya buɗe asusun da ba root ba (root shi ne asusu mai cikakken iko), sannan ya toshe shiga da kalmar sirri. Kafin ya kunna ufw kuwa, wato katangar tsaron saba, dole ya bar ƙofa ta 22, wadda yake shiga saba ta cikinta, a buɗe, tare da 80 da 443 na masu ziyartar shafi. Wanda ya juya tsarin nan ya kulle kansa a waje da hannunsa, ga saba tana aiki, ga kuɗin haya na tafiya.

Darasin tmux, manhajar da ke riƙe aiki a kan saba ko da haɗi ya yanke, shi ma ya cancanci yabo na musamman, domin kun yi la'akari da halin da muke ciki. Ana tsakiyar apt upgrade (sabunta manhajojin saba) a ɗauke wuta ko sabis ya yanke, aikin na iya tsayawa rabi da rabi, sai an bi da umarnin dpkg --configure -a kafin a gyara. A cikin tmux aikin na ci gaba a kan sabar, mutum ya dawo ya tarar da abinsa.

Haka nan kun nuna cewa idan Nginx, mai karɓar masu ziyartar shafi ya miƙa su ga manhaja, ya nuna kuskure mai lamba 502, galibi manhajar da ke bayansa ce ta mutu ko take sauraro a wata ƙofar, don haka journalctl, umarnin da ke nuna rahoton abin da ya faru a saba, za a fara dubawa. Saba mai RAM giga 1 kuna sa a ƙara mata swap, wato wani sashe na faifan ajiya da ke taimaka wa RAM, kada tsarin ya kashe manhajar idan wuri ya cika. Game da takardar shaidar tsaron shafi ta Let's Encrypt mai kwana 90 kuma, ba ku sallamar ɗalibi sai ya gwada sabunta ta da umarnin certbot renew --dry-run a gabanku.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa cibiyarku albarka.

Naku,
Wasu masu haɗa manhaja a Kaduna