Guzurin mai hawan jini idan zai tare a daji

Ya Mai Girma Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wasu bayin Allah da ake yawan mantawa da su duk lokacin da likitoci suka ce wa masu hawan jini su rage gishiri. Wannan shawara tana da amfani ga wanda ake dafa wa abinci sau uku a gida, amma akwai dattawa da yawa da sana'arsu ke raba su da tukunyar gida mako biyu ko uku, kamar manoman rani da ke tarewa a bukkoki a Kadawa da Bakolori da fadamun Haɗeja, da masunta, da makiyaya. Babu firji a wurinsu, kasuwa kuma ta yi nisa, saboda haka abin da aka ƙulle musu a buhu ranar tafiya shi za su ci har su dawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sinadarin sodiyom, kuma wannan lissafi ya haɗa da gishirin da ke ɓoye cikin abincin da aka saya a shirye. Idan muka kwance guzurin da aka saba yi wa matafiyi, za mu tarar da kilishi da dambun nama da yajin ƙuli da kifin gwangwani da taliyar leda da biredi, kuma kowane ɗayansu akwai gishiri a cikinsa, wasu har da magi. Dunƙulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne, ƙullin taliya guda kuma, idan aka juye garin ɗanɗanon da ke cikinsa gaba ɗaya, yakan cinye wajen rabin abin da aka yarje wa mutum a yini. Mai gidan da ya karya da taliya, ya ci garin kwaki da yaji da rana, ya ɗora shinkafa da dunƙule biyu da dare, ya zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba, alhali zai iya rantsuwa cewa bai ɗebi gishiri da hannunsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kanwa. Mutane da yawa ba sa lissafa ta cikin abin da aka hana su, har wasu suna jiƙa ta su sha da sunan maganin ciki, alhali tana ɗauke da sodiyom mai yawa, irin wanda ke cikin gishiri, kuma jiki ba ya bambanta su. A daji an fi zuba ta da yawa, domin itace ya yi ƙaranci kuma ana son wake ya nuna da wuri. Jiƙa waken tun da dare yana rage lokacin dahuwa ba tare da an taɓa kanwa ba.

Ana ganin kamar abinci ba zai daɗe ba sai da gishiri, amma yawancin cimarmu bushewa ce ke tsare ta. Gero da dawa da shinkafa da wake da acca da garin rogo sukan yi watanni lafiya lau, kuma sodiyom ɗin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Uwargidan da za ta shirya wa mai hawan jini guzuri tana iya daka masa gumba ta shanya ta bushe sarai, ta yi masa garin kunu da tsamiya, ta soya gyaɗa da yashi ba tare da ta jiƙa ta a ruwan gishiri ba, ta haɗa masa da aya da dabino. Na miya kuwa ga kuka da busasshiyar kuɓewa da zogale da kauɗar tumatir da gabu, waɗanda duk ba sa buƙatar komai sai leda mai kyau da wurin da babu danshi. Wake da gyaɗa da dabino da ganyayen nan suna ɗauke da sinadarin fotashiyom, wanda ke taimaka wa ƙoda ta fitar da sodiyom. A dai tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, domin gubarta tana cutar da hanta.

Yaji shi ne inda ya kamata a fi ba da ƙarfi, domin mutumin da ya wuni yana ban ruwa ba zai jure abinci lami ba, kuma idan aka tilasta masa zai aika a sayo masa magi. A daka masa nasa daban da barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da ƙuli-ƙulin gida, a auna masa ɗan gishirin da zai ishe shi a ƙullin kowace rana, don kada ya riƙa barbaɗawa da ka. Harshe yakan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, shi ya sa ya fi kyau a fara tun a gida kafin tafiya.

Nama ne kaɗai ke da ɗan wuya. Wanda aka yanka falle-falle aka busar ba gishiri ba zai kai kilishin kasuwa daɗewa ba, don haka a fara cinye shi a kwanakin farko, sannan a koma ga bandar kifi da aka ƙyafe da hayaƙi kawai. Idan ya zama dole a sayi na gwangwani, a tsiyaye ruwansa, kuma a duba rubutun jikinsa: abin da bai wuce miligiram 120 na sodiyom a kowane giram 100 ba shi ne mai ƙarancin gishiri, wanda ya haura 600 kuwa a bar shi a kanti. Akwai kuma gishirin da aka maye wani ɓangarensa da fotashiyom, amma mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril kada su taɓa shi sai da izinin likita.

Ba ina cewa a yanke gishiri ƙaf ba ne. Mai aiki a tsakiyar rana yana zubar da gumi sosai, musamman idan yana shan maganin da ke sa fitsari, kuma idan gudawa ta kama shi a daji, ruwan gishiri da sukari wajibi ne a kansa ko da yana da hawan jini. Ya kamata ya ga likitansa kafin ya tafi, a auna jininsa, ya ɗauki maganin da zai kai shi ranar dawowa har da ƙari, ya ajiye shi a inuwa, ya kuma guji ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake tallarsu a bakin gona, domin suna ɗaga jini.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta tura wakilinta wurin masana abinci a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, a tambaye su yawan gishirin da ke cikin kilishi da yaji da daddawa da ƙuli-ƙulin kasuwa, tunda babu wani rubutu a jikinsu da mai saye zai duba, a kuma buga amsar da mudu da cokali kafin manoman rani su fara tarewa.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Haɗeja