Tsutsar dajin Kanada ba abin dariya ba ce

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Dariyar da abokin aikinka ya yi a shirin ranar Asabar ita ta sa ni rubuto maka. Yana gama karanta labarin kuɗin da Kanada ke kashewa a kan tsutsar daji sai ya ce wai Turawa sun rasa inda za su kai kuɗi, shi ya sa suke zuba miliyoyi a kan tsutsa. Wadda ke gefensa ta taya shi, aka wuce. A mota nake lokacin, na taso daga aikin dare a masana'antar yanka katako, kuma wallahi har na isa gida raina a ɓace yake.

Na fi shekara goma a arewacin lardin New Brunswick na Kanada, kuma tsutsar nan da ya raina tana iya raba ni da abincin 'ya'yana. A ƙarshen watan Yulin 2016 muka wayi gari a garinmu Campbellton faɗa-wuta, wato abin da tsutsar ke rikiɗa ta zama, sun lulluɓe ko'ina, bango, gilashin mota, gindin kowace fitilar titi. Iska ce ta kwaso su daga Quebec, lardin da ke maƙwabtaka da mu, cikin dare, yawansu har na'urar duba yanayi ta nuna su kamar hadari. Da idona na ga ana kwashe su da shebur a wani gidan mai. Ni abin mamaki na ɗauke shi, har hoto na tura gida. Sai da na shiga wurin aiki na ga fuskokin dattawan da muke aiki tare, babu mai magana. Su sun ga annobar shekarun 1970. A 1975 kaɗai ta cinye ganyen daji sama da hekta miliyan 50 a gabashin Kanada, wato fiye da rabin faɗin Najeriya. Wani daga cikinsu ya ce mini yana yaro idan ka tsaya a daji za ka ji kashin tsutsa na zubowa kamar yayyafi.

Tsutsar tana ƙanƙanuwa take kwana a jikin reshe duk tsawon sanyi. Da ɗumi ya fara sai ta fito ta bi sabon toho na itacen fir da na sifurus. Shekara huɗu ko biyar a jere tana yi masa haka, itacen ya bushe a tsaye. Busasshen da ya daɗe ba ya katako, zarto ba ya sonsa, sai dai ya jira gobara. Idan babu gungume babu aiki, Malam Edita, a garin da kusan kowane gida ke ci daga daji.

To me kuɗin ke yi? Gwamnatin tarayya ta ba da dala miliyan 18 na Kanada a 2014, ta ƙara kusan miliyan 75 a 2018. Duk kaka ana shiga daji a yanko rassa daga ɗaruruwan wurare, a kai ɗakin bincike, a ƙirga ƙananan tsutsotsin da ke kowane reshe. Inda aka ga sun fara yawa, nan kawai jirgi zai fesa magani, tun ganye bai soma ja ba. Ɗaya daga cikin magungunan ma ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa da ake kira Btk, sai tsutsa ta ci take yi mata illa. Ni kaina ina da tarko rataye a bayan gida, irin wanda masu binciken ke raba wa 'yan sa-kai. Lokacin tashin faɗa-wuta nakan juye shi, in ƙirga, in rubuta, in adana musu a firiji. Ko kwabo ba a biyana, kuma ba zan daina ba. A Quebec, inda annobar ta tashi a 2006, zuwa 2020 ta mamaye sama da hekta miliyan 13. Ruwa kawai ya raba mu da su, daga bakin gaɓar garinmu ana hango ƙasarsu, amma dajinmu bai zama irin nasu ba.

Kuma da abokin aikin naka ya bincika, da ya san abin da ya faru kafin a yi wannan ilimin. Daga 1952 DDT, wani maganin ƙwari mai guba, aka riƙa watsa wa dajin nan ta jirgi. A 1954 ƙananan kifin salmon suka yi ta mutuwa a kogin Miramichi. Irin kuɗin binciken da yake wa dariya su suka fitar da mu daga wannan ɓarnar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a 2016 ɗin nan tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna. Ƙanena da ke noman rani kuka ya yi mini a waya. A tasharku na ji manoma suna tambaya ina masana, ina gwamnati, me ya sa ba a gano ta da wuri ba. Yau an samu waɗanda suka gano tasu da wuri, ku kuma kuna dariya?

Ina roƙo a dawo da labarin, a gayyato masanin ƙwari ya yi bayani, shi kuma abokin aikinka ya janye maganarsa.

Sannan don Allah ku duba shirin da kuke ɗorawa a intanet. Mako uku ke nan yana yankewa ana tsakiyar karanta wasiƙu, mu da ke nesa ba mu da wata hanyar sake jinsa.

Naka mai sauraro,
daga Campbellton, Kanada